A Dawo Mana da Manyan Haruffa

Zuwa ga Shugabar Makarantarmu,

Assalamu alaikum. Hajiya, ina gaishe ki tare da malamanmu, da fatan kuna lafiya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama ba ta sani ba: ba na ganin ƙananan rubutu. Tun ina firamare a Ƙofar Ran nake ɓoyewa, don kada a riƙa yi mini dariya.

Da na shigo aji ɗaya aka ba mu kwamfutocin nan masu kama da allo, waɗanda muke kira tab. In na sa yatsu biyu na buɗa, sai haruffa su yi girma. A karon farko na yi karatu ba tare da ciwon kai ba, kuma babu wanda ya lura.

A wannan zangon aka cire tsarin da ke cikinsu, aka sa irin na babbar kwamfuta ta kan tebur. Malamin kwamfuta ya ce da irinsa za mu zana jarabawa nan gaba. Na yarda da shi. Amma ga abin da ya same ni.

Na farko, rubutun ya ƙanƙance, kuma a shafin darussanmu yatsu biyu ba sa buɗa shi.

Na biyu, an yi tsarin ne don maus, abin nan da ake turawa da hannu a kan tebur don nuna wuri a fuskar kwamfuta, mu kuwa yatsa kawai muke da shi. Ranar Laraba, a gwajin Turanci, na so in matsa gaba, sai na taɓa wurin rufewa saboda ƙanƙantar wuraren taɓawa. Duk amsoshina suka ɓace. Malama ta tambayi dalili, na sunkuyar da kai.

Tun ranar nake kwafar aikin Rabi, wadda muke zama benci ɗaya. Wannan ya fi komai damuna.

Hajiya, ina roƙon a bar ko da tab biyu a tsohon tsari a kowane aji, ko a koya mana yadda ake ƙara girman haruffa a sabon. Mai yiwuwa ba ni kaɗai ba ce nake shiru.

Ni dai na daina kwafa, ko da zan faɗi. Ranar Asabar kuma zan gaya wa Baba ya kai ni a duba idona. Na so in ɓoye sunana, sai na fasa.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya taya ki riƙon makaranta.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Nafisa, aji ɗaya.