Idon da Ya Rage a Asibiti

Harts Range, 9 ga Yuli

Tsohuwata Noelene,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin? Ya hannun? An ce mini har yanzu kin ƙi motsa shi, wai tunda ɓarin jiki ya shanye ba ki da sauran amfani. Wannan magana ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye miki ba.

Na kafa zango a inda muka saba, gindin itacen nan da kika raina wa inuwa. Ƙudajen suna tambayarki. Na yi alkawarin kawo miki jan dutsen adon nan, ganet, kafin cikar aurenmu shekara arba'in, to ga ni. Kwana uku ina haƙa, ina tankaɗe, ina wankewa, ina ɗaga rariya ga rana kamar yadda kike yi. Ko ɗaya ban gani ba. Ina jin filin ne ya ƙare.

Ki ci abinci ko da babu gishiri.

Mijinki,
Clarrie

Harts Range, 12 ga Yuli

Noelene tawa,

Gaisuwa da fatan sauƙi na samuwa. Yau na sha kunya. Wata dattijuwa mai suna Dot, wadda raminta ke kusa da nawa, ta nemi izinin duba tsakuwar da nake zubarwa. Kafin shayina ya huce ta tsinto ganet guda shida a ciki, ɗaya ya kai ƙwayar gyaɗa. Ta dube ni ta ce, "Kai tsoho, makaho ne kai ko sadaka kake yi?"

To, bari in faɗa miki abin da na ɓoye. Tun ina yaro ba na rarrabe launin ja da na ruwan ƙasa. Duk shekarun nan da kike ɗaga rariya kina ihu, "Ga shi nan kamar garwashi!" ni gyaɗa kai kawai nake yi. Murnarki nake kallo, dutsen kuwa ban taɓa ganinsa ba.

Dot ta miƙo mini su shidan, na ce ta riƙe, rabonta ne. Na daina zubarwa. Na cika bokiti huɗu da wankakkiyar tsakuwa, na cike ramina, jibi zan kamo hanyar zuwa wurinki a Alice Springs. Na yi waya da ma'aikaciyar jinya, ta ce barandar asibitin tana samun rana da hantsi.

Zan riƙe miki rariya, amma tsintar taki ce, kuma da wannan hannun da kika ƙi motsawa. In kin ƙi, sai mu koma gida da bokiti huɗu na duwatsun banza.

Makahonki,
Clarrie