Baƙar Tagar da Ta Ɓace a Ɗakin Injin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, ka yi haƙuri da na dame ka da wannan takarda, na san aiki ya sha maka kai a can. Ina fata kana lafiya kai da amaryarka, Allah Ya ƙara muku lafiya da zaman lumana. Mu ma nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa bakin ƙofa da kanta tana yi wa masu talla faɗan sun cika ihu.

Maganar mutuminka ce, Baban yara, da manhajar nan da ka sa musu a kwamfutar ɗakin injin na kamfanin madarar da yake aiki, wadda ke karɓo awon zafin tukwane tana rubutawa. Ka tuna da can tana da baƙar taga a allo, lambobi na ta gangarowa, kuma duk wanda ya rufe ta rubutu ya tsaya. Da ka zo hutu ka mayar da ita bayan fage, ka ce da an kunna kwamfuta za ta tashi da kanta, ba taga, ba mai kashe ta bisa kuskure. Kowa ya sa maka albarka, har mai shara, don ita aka fi ɗora wa laifi.

To, ashe bawan Allah ya saba kullum da safe, kafin ma ya sa farar rigar aiki, sai ya leƙa tagar nan ya ga lambobi na motsi, sannan ya gaisa da mutane. Yanzu ya shiga ya tarar da allo fes, sai ya ɗauka ta daina aiki. Bai gaya wa kowa ba, ya lalubo tsohuwar tagar ya riƙa buɗe ta. Sai ga mai kula da inganci ta zo masa da takardu, ta ce awo yana fitowa bibbiyu, wani wurin kuma babu ko ɗaya, don manhajar ɓoye da ta fili suna ta ƙwace wa juna wayar da ke kawo awon. Masu duba tsabtar abinci kuwa za su zo farkon wata, kuma rubutun nan ne shaidar cewa madara ta dahu yadda ya kamata. In ba su gamsu ba za su hana kaya fita, kuma shi ke da alhakin ɗakin.

Da ya ba ni labari, na ce masa ai mala'ikun da ke rubuta ayyukanmu ma ba mu taɓa ganinsu ba, kuma ba mu ce sun bar aiki ba. Ya ce wannan gaskiya ne, amma su ba a ɗauke musu wuta, kuma ba ƙanin matarsa ne ya haɗa su ba. Na yi istigfari, na kuma yi dariya har da hawaye.

Abin da nake roƙo, ka faɗa masa yadda zai gane tana raye ba tare da ya kunna ta biyu ba, ko da 'yar alama ce koriya da zai yi wa sallama da safe. Sannan ka ce me za a yi da awon da ya maimaitu. Na dai ce masa kada a goge komai, kada a cike giɓi da ƙiyasi. A nuna wa masu dubawa yadda abin ya faru, don madarar nan 'ya'yan mutane ke sha. Ya yarda.

Ya kuma yi alkawarin ba zai ƙara buɗe tagar ba, amma da yake ya san halin hannunsa, jiya ya ciro linzamin kwamfutar, abin nan da ake dannawa a buɗe taga, ya kawo min ajiya. Yana nan cikin akwatina a ƙarƙashin mayafai. Yau da safe ya tsaya yana kallon akwatin, na ce masa sai Auta ya yi magana.

Inna tana gaishe ka, da Kawu, da Goggo ƙarama, da yara duka. Ka gaida amarya da kyau. Don Allah ka amsa min da wuri, kafin wata ya kama.

Yayarka.