Ranar da Ƙanƙarar Ginga ta Saki

Tokyo, farkon Fabrairu.

Zuwa ga Uwargida Hayasaka Shizue, mai masaukin Hayasaka, Sounkyo.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata sanyin bana ya zo muku da sauƙi.

Sunana Kuramochi Genzo, mai ɗaukar hoto. Ba mamaki kin taɓa cin karo da hotona mai suna "Mai Faɗowa", wanda na ɗauka a mafaɗar ruwa ta Ginga shekarun baya, ya kuma zaga duniya. Yanzu idanuna sun fara dushewa, ina son in sake ɗaukar Ginga a daskare kafin su rufe. A tanadar mini ɗaki mai kallon dutse a ƙarshen wata, da ɗan jagora da zai kai ni har gindin ƙanƙarar. A samo mini marar tsoro, don na san mutanen kwarinku da yawan ɗari-ɗari.

Ki huta lafiya.
Kuramochi Genzo.

Sounkyo, tsakiyar Fabrairu.

Yaya Tatsuo,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jiki, ya bayan naka da wannan sanyi? Ina fata ma'aikatan gidan jinyar suna juya ka a kan lokaci. Busasshen kifin da na aiko naka ne kai kaɗai, ban da rabo da 'yan ɗaki.

Ga wata wasiƙa na haɗo maka. Har zan ce ka zauna kafin ka karanta, sai na tuna.

Kuramochi ne. Sunan mijina ya gani a jikin masaukin, bai san ni ce ƙanwarka da ta riƙe masa jakar kyamara ranar nan ba. A kicin na karanta, a tsaye, har miyar miso ta kama ban ji ƙauri ba.

Komai ya dawo mini, Yaya. Rana ta fito, iska ta yi ɗumi, ka ƙwanƙwasa ƙanƙarar da gatarinka, ka kira shi da laƙabin girmamawa na malamai ka ce, "Sensei, yau ta ruɓe, a bari sai ta sake ɗaurewa." Ya kwashe da dariya a gaban 'yan jaridar da ya zo da su, ya ce ashe gwanin hawa na Sounkyo a baki ne kawai. Ka hau. Da ta ɓalle da kai ka faɗo, ina ihu ya zo mu ɗaga ka, shi kuwa fim yake canzawa. "Matsa, yarinya, kina tare mini haske." Abin da ya ce mini ke nan. Shi ya tafi da lambar yabo, kai ka tafi da keken guragu, kuma ko sau ɗaya bai leƙo asibiti ba. Baba ya mutu da sunansa a baki yana tsine masa.

Mijina Noboru ya ce in rubuta masa cewa ɗakuna sun cika. Ni kuwa na riga na amsa cewa ɗaki yana nan, kuma ni da kaina zan yi masa jagora. Ban san abin da zan yi ba tukuna. Faɗa mini yadda kake so.

Taka ƙanwa,
Shizue.

Asahikawa.

Shizu sarkin rigima,

Ina amsawa. Baya yana nan yadda ƙanƙara ta bar shi. Kifi kuma tsoho Mori na gadon kusa ya cinye rabi, da haƙoran nan nasa guda biyu, sai ki zo ki kai shi ƙara.

Na karanta takardar mutumin har ta fara yagewa. Wai marar tsoro! Ashe tsufa bai taɓa bakin ba.

Saurara da kyau. Kada ki zuba masa komai a abinci, kada kuma ki tura shi. Gidan yarin mata ba shi da hanyar keke, ba zan iya kawo miki ziyara ba. Ki ba shi ɗakin da ya fi kowanne kyau, ki dafa masa ƙaguwa, ki ɗumama masa giyar shinkafa ya sha ya yi ta surutu. Ki jira ranar da rufin gida ya fara ɗiga tun da hantsi. Ranar za ki kai shi. In kun isa, ki faɗa masa gaskiya tsakaninki da shi, yadda na faɗa masa. Sauran ki bar wa girman kansa. Na san shi, ba zai juya baya a gaban mace ba.

Ke kuma ki tsaya bayan ƙaton dutsen nan na hagu, kada ki wuce shi ko da wasa. Gurgu ɗaya ya ishi gidanmu.

Ba na son ya mutu, Shizu. So nake ya kwanta a wurin yana kallon sama, sanyi yana shiga ta wuyan rigarsa, ya kira mutum, mutumin yana gani ya ƙi zuwa.

Ki gaida Noboru. Kada ki nuna masa wannan, zuciyarsa taushi gare ta kamar tofu.

Yayanki,
Tatsuo.

Sounkyo, farkon Maris.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna, sai yau 'yan sanda da 'yan ceto suka daina zirga-zirga a gidan.

Ya zo. Ya tsufa, ya yi tumbi, amma muryar tana nan. A daren farko ya cinye ƙaguwar tas, ya ciro littafin hotunansa ya buɗe mini hotonka. Kana tsakanin sama da ƙasa, igiya tana bin ka.

Na ce, "Sensei, wannan bawan Allah ya rayu kuwa?"

Ya ce, "Na ji an ce ya rayu. Wani ɗan ƙauye ne mai rawar kai, ni ma na hana shi hawa ya ƙi."

Yaya, butar shayi tana hannuna a lokacin, tana tafasa. Na zuba masa a kofi, ban zubar da ko ɗigo ba.

Kwanaki aka yi ana sanyi mai tsanani, yana ta mita, ni kuma ina ce masa hanya ba ta buɗe ba. Ranar Talata na tashi na ji rufi yana ɗiga. Muka ɗaura takalman ƙusa muka hau. Yana haki kamar tsohuwar mota, amma bai fasa ba ni labarin ƙasashen da aka karrama shi ba.

Ginga ta yi kyau ranar, har haushi ta ba ni. Fara fat daga sama har ƙasa, da shuɗi-shuɗi a ciki, kana jin ruwa yana gudu a bayanta. Da muka kai dutsen hagu na tsaya.

Na ce, "Sensei, yau ta ruɓe. Ka ji ruwan nan? Ka ɗauka daga nan, ko mu dawo wata rana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Uwargida, daga nan ai masu yawon buɗe ido ke ɗauka. Kin ce ba ki da tsoro."

"Ina da shi yau."

"To zauna da abinki."

Ya wuce, ya kafa kyamararsa a gindinta, ya ɗaga kai. Bai jima ba na ji ƙara kamar an karya itace. Wani gutsure mai girman firji ya saki daga sama, ya fashe a gefensa, ɓaraguzan suka kwashe shi suka gangara da shi. Da ƙura ta lafa na hango shi a kwance, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Uwargida! Uwargida Hayasaka! Taimake ni!"

Na jira har ƙanƙarar ta daina zubowa daga sama, sannan na sauka. Kyamarar ratayensa ta faɗi can gefe, ba abin da ya same ta. Na ɗauka, na kakkaɓe, na tsaya a kansa na fara ɗauka.

"Me kike yi? Kin haukace? Je ki kira mutane!"

Na ce, "Ɗan juyo da fuskarka, Sensei, inuwa ta rufe ta."

Ya zage ni, ya yi mini barazanar kotu, daga baya ya koma kuka, majina tana daskarewa a gashin bakinsa. Sai da fim ya ƙare na durƙusa na ce masa, "Sunan gidanmu Onodera. Yayana ne Tatsuo."

Ka san abin da ya ce? "Wane ne Tatsuo?"

Ko sunanka bai riƙe ba. A nan ne na kusa karya dokar da ka kafa mini ta kada in taɓa shi. Na cire fim ɗin na sa a aljihu, na lulluɓe shi da rigata don kada ya mutu mini, na sauka titi a hankali na buga wa 'yan ceto waya daga shagon tsaraba.

Ya gaya wa 'yan sanda cewa na gargaɗe shi, shi ya ƙi ji. Maganar hotunan kuwa bai ɗaga ta ba. Ƙugunsa ya karye, da ƙafar a wuri biyu. Ga hotunan nan na wanko maka. Na zaci zan ji sanyi a raina, amma har yanzu tambayar nan tasa tana ci na.

Ka kula da kanka.
Shizue.

Asahikawa, Afrilu.

Shizu,

Ina gaishe ki, ina gaida Noboru. Hotuna sun iso. Yawancinsu sun yi dishi-dishi, amma na kukan ya fito.

Ki daina damuwa da tambayarsa. Likitoci sun ce ba zai jure tafiyar Tokyo ba tukuna, sai suka kawo shi nan gidan jinyarmu ya koyi tafiya. Kullum da safe ana riƙe shi tsakanin ƙarafa biyu yana jan ƙafa yana nishi. Ni kuma nakan turo kekena in tsaya a ƙarshen ƙarafan, daidai inda dole ya dubo. Na sa ma'aikaciya ta liƙa mini sunana a ƙirji da manyan baƙaƙe, saboda idonsa.

Ban ce masa uffan ba har yau. Jiya ya tsaya a tsakiya ya ce, "Onodera-san, ka yi magana mana. Ko zagi ne."

Na gyara bargona na ci gaba da kallo. An ce zai kai kaka a nan.

Ki aiko da kifi.

Yayanki,
Tatsuo.