Hanyar Bakin Tafki

Gangare, Jos
15 ga Oktoba, 1978

Zuwa ga maigidana, Baban Maimuna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki a tashar jirgi, yaya kuma zafin Nguru? Mu nan kowa lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Maimuna ta ce in gaya maka haƙorinta na gaba ya fita.

Bayan haka, ka ce in ba ka labarin jami'a kada in rage komai. Mako biyu ke nan da muka fara. Ranar farko na riga mai buɗe ɗakin lacca isa, na tsaya a baranda rungume da jakata. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli, yau ga ni a kan benci. Mu talatin da biyu ne a ajin, duk tsofaffin malamai, mata mu biyar. Akwai Angas, akwai Tibi, Yarbawa, Ibo, Birom, ga mu. Tun da aka buɗe firamare kyauta makarantu suka yi yawa, masu riƙe su suka yi kaɗan, shi ya sa aka tara mu shekara guda mu koyi shugabancin makaranta.

Malaminmu Dakta Adigun ne, wani Bayarabe gajere mai yawan dariya. Ya ce wata mai zuwa zai tura mu aikin gwaji bibbiyu, kuma ba wanda zai je wurin mutanensa. An haɗa ni da wata ’yar Ibo, Nkiruka. A nan Jos aka haife ta, suka tafi lokacin rikicin da ya jawo yaƙin basasa, yanzu ta dawo. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk “shi” take cewa, amma ban taɓa zama da mai saurin fahimta irinta ba.

Ban manta alkawarinmu ba. Da na gama sai mu tattara mu biyo ka Nguru. Shekara biyu muna rabe, ai ya isa haka.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Kubra

Gangare, Jos
19 ga Nuwamba, 1978

Maigidana,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fata kana lafiya. Soyayyen naman da ka aiko ya iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Rashinka ranar Idi ya dame mu, amma mun san halin aikinku.

Yau labarin kunya zan ba ka, ka yi dariyarka son ranka tun da ba na ganinka. An tura mu wani ƙauyen Birom can bayan Bukuru, cikin duwatsu da tsofaffin ramukan kuza da suka zama tafkuna. Muna kwana uku a can kowane mako. Hedimastan, Malam Dung, matashi ne mai ladabi, bara aka kawo shi. Damuwarsa ita ce ’yan aji ɗaya da na biyu. Yara saba'in ne a rajista, amma da ƙyar ashirin suke zuwa. In ya tambayi iyaye sai su ce yaran ba su da lafiya. An riga an gargaɗe shi daga ofis cewa in abin bai gyaru ba kafin sabon zango za a rufe azuzuwan biyu, a ɗauke malamansu.

Ni kuwa sai na ce wannan ai mai sauƙi ne, taron iyaye za a kira. Haka muke yi a Gangare. Na zauna na rubuta takardar gayyata da Hausa da Turanci, har da ja mata layi, muka raba wa yara. Ranar taron muka share fili, muka jera benci arba'in a gindin mangwaro, na sa farin mayafin nan da ka saya mini a Kano. Tun ƙarfe goma muke zaune. Har azahar mutum ɗaya ne ya zo, wani tsoho da akuyarsa, shi ma ya ɗauka allurar dabbobi ake yi.

Nkiruka ta yi dariya har da hawaye. Ni kam ban yi ba. Da muka koma aji na ba Dakta Adigun labari, ina jiran ya ce mutanen ba sa son ilimi. Sai ya tambaye ni ina iyayen suke a wannan ranar. Na ce ban sani ba. Ya ce to wannan shi ne aikina na mako mai zuwa.

Ka sa ni a addu'a. Ban saba faɗuwa ba, ka sani.

Taka,
Kubra

Gangare, Jos
3 ga Disamba, 1978

Baban Maimuna,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aiki. Na sami takardarka. Ka ce da kai ne da ka yi wa akuyar lacca don kada benci ya tafi a banza. Na karanta wa Inna, ta yi dariya har tana tari.

Ashe ranar da na kira taro duk ƙauyen suna gona, girbin acca ake yi. Maza suna yanka, mata suna tarawa suna murje ta da ƙafa a kan falalen dutse. Nkiruka ta ce mu tuɓe takalma mu shiga. Muka shiga. Kwana biyu muna sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi har cikin kunne, bayana kamar ba nawa ba. Matan suna ta yi mini tsiya wai malamar birni ba ta iya riƙe faifai ba. Ban ta da maganar makaranta ba ko sau ɗaya, don kunyar bencina ba ta sake ni ba.

A rana ta biyu muka zauna cin gwaten acca. Akwai wata dattijuwa da duk suke ji da ita, Ngo Kaneng, wato Inna Kaneng a yarensu. Ta tambaye ni ko ina da ’ya’ya. Na ce ɗaya, Maimuna, shekararta bakwai. Sai ta ce, “Jikata ma bakwai take da shi.” Ta miƙe ta ce in biyo ta.

Ta kai ni hanyar da yara suke bi zuwa makaranta. Mu a mota ake sauke mu ta bakin titi, ban taɓa bin ta ba. Hanyar ta bi ta gefen wani tafkin kuza, siririya, ƙasa tana zaizayewa, ruwan kore shar, ba a ganin ƙasansa. Nan jikarta ta zame ta faɗa ruwan shekara biyu da suka wuce, da allonta a hannu, ba ta fito da rai ba. Tun daga ranar matan suka haɗa baki, ba wadda za ta ƙara tura ƙaramin yaro ta nan. Ba su gaya wa Malam Dung ba, don baƙo ne a ƙauyen, namiji, kuma suna tsoron a ce sun ƙi umarnin gwamnati. Ta ce, “Malama, ba makaranta muka ƙi ba. Ruwa muka ƙi.”

Wallahi, Baban Maimuna, na tsaya a wurin ina kuka ba kunya. Ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Abin da ya biyo baya ba ni na yi shi ba. Ngo Kaneng ta je wurin mai unguwa da kanta, mu muna biye, Malam Dung yana fassara mana abin da ake cewa. Wani mutum ya yarda a ratsa ta gefen gonarsa. Jiya Asabar aka yi gayya, maza da fatanya, mata da kwanduna, ana waƙa, aka fitar da sabuwar hanya nesa da ruwan, aka dasa shingen ƙaya aka toshe tsohuwar. Nkiruka ta ɗauki duwatsu har zanenta ya yage. Gobe Litinin za mu ga abin da Allah zai yi.

Ina ƙara rubuta wannan ranar Talata, don ban kai gidan waya ba. Yara sittin da ɗaya ne suka zo. Benci bai isa ba, wasu a ƙasa suka zauna. Malam Dung da kansa ya kira suna.

Taka har kullum,
Kubra

Gangare, Jos
22 ga Yuli, 1979

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata zazzaɓin da ka ce kana fama da shi ya sake ka sarai. Don Allah ka riƙa shan maganin har ya ƙare. Nan ruwa ake ta yi ba ƙaƙƙautawa, sanyi har sai an sa suwaita. Azumi ya ƙarato, Allah ya nuna mana da rai da lafiya.

Albishirinka, sakamako ya fito. Na ci, kuma rahoton da muka rubuta ni da Nkiruka shi ya zo na ɗaya. Dakta Adigun ya sa aka karanta shi a gaban aji, har da wurin akuyar, bai bari na cire ba. Ngo Kaneng ta aiko mini da ƙwaryar acca ta hannun Malam Dung, na ajiye maka rabonka.

Yanzu ga maganar da na kwana uku ina juya ta. Za a buɗe sabuwar firamare a Farin Gada, bayan kasuwar gwari. Yaran wurin ’ya’yan masu lodin motoci ne da masu sayar da tumatir da kabeji, kowane gida da yarensa da addininsa. An tambayi Dakta Adigun wa zai iya riƙe ta, ya ba da sunana. An kira ni ofis ranar Alhamis, na ce su ba ni lokaci in yi shawara da maigidana.

Ba zan ɓoye maka ba, ina son aikin nan. Na je na ga wurin, azuzuwa shida ne, ko ƙofofi ba a sa ba, amma ina tsaye a filin har na fara raba malamai a raina. Sai dai ni na yi maka alkawari da bakina, ba ka tilasta ni ba, kuma na san yadda kake zaune kai kaɗai, kana cin abincin kasuwa, ba mai ba ka ruwa in ka kwanta ciwo. In ka ce mu taho za mu taho, kuma ba za ka ga canji a fuskata ba. Na dai ga bai kamata in ƙi aikin a ɓoye ba, ka zauna da ni ba ka san abin da na bari ba.

Sun ba ni zuwa ƙarshen Agusta. Ina sauraronka.

Matarka mai ƙaunarka,
Kubra

Gangare, Jos
16 ga Satumba, 1979

Baban Maimuna,

Gaisuwa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Ina fata kana lafiya, kana ta ɗaure kaya. Mu nan lafiya lau, sai ɗokin zuwanka.

Takardarka ta watan azumi har yanzu tana cikin jakata. Da ka ce in karɓi aikin, kai za ka nemi canji zuwa Jos, ban san abin da hakan zai ci maka ba. Sai da abokin aikinka ya biyo ta nan ya gaya wa Inna cewa a Nguru kai ne na biyu a tasha, kuma saura kaɗan a ba ka ita gaba ɗaya, a nan kuwa ƙarƙashin wani za ka koma. Ba ka rubuta mini wannan ba. Na sani yanzu, kuma ba zan manta ba. Allah ya saka maka da abin da ya fi shi.

Mun buɗe ranar Litinin da yara ɗari biyu da goma sha huɗu. Kafin nan na yi mako biyu ina yawo a kasuwa rumfa-rumfa, ina zama da sarkin lodi da shugabar masu tumatir, har na je coci biyu da masallacin Juma'a na gai da shugabanninsu. Masu lodi da kansu suka kafa mana ƙofofi ranar Lahadi. Na roƙa an ba ni Nkiruka a matsayin mataimakiya, yanzu “oga” take ce mini, na hana ta ta ƙi. Maimuna ma na mayar da ita can, tana aji uku, har ta iya ƙirga goma da Yarbanci.

Ka ce jirginka zai iso ranar Alhamis da hantsi. In ka sauka ba ka gan ni ba kada ranka ya ɓaci, ba a tashi makaranta sai ƙarfe ɗaya da rabi, kuma shugaba ba ta riga yara fita. Ka bar kayan a tasha, ka hau mota zuwa Farin Gada, ka tambayi kowa makarantar Malama Kubra. Ina so ka fara ganina a can kafin mu tafi gida tare.

Sai ka iso.
Matarka,
Kubra