Na Wuce Wanda Ya Koya Mini Babur

Mma Dikeledi, ki taimake ni da shawara. Sati uku ke nan ina juya maganar nan, har matata ta ce in na sake tayar da ita a kan abinci za ta kai mini kwanona gareji in ci tare da babur ɗin.

Shekarata arba'in da huɗu, gyaran firiji nake yi a Tembisa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na sayi babur don in huta da cunkoson hanyar Johannesburg, alhali ko giya ban iya sawa ba. Maƙwabcina Bra Motlatsi, wanda ya girme ni da shekara goma sha biyar, shi ya ga ina neman halaka kaina a ƙofar gida. Ya ja ni filin ajiye motoci na cocinsu, ya jera gwangwanaye, wata biyu yana bina da gudu yana yi mini faɗa. Tun daga nan duk Lahadi tare muke fita, shi a gaba ni a baya. Shi ya hana ni hawa babu safar hannu, shi ya koya mini gane direban bas ɗin haya tun kafin ya yanko gabana. Ba don shi ba, da tuni an ci abincin jana'izata.

Da ranar haihuwata ta zo, sai ya yi mini kyautar yini guda a wani ƙaramin filin tsere da ke cikin gonakin masara a gabashin gari, ranar da ake barin masu baburan titi su shiga. Filin duk kwana ne, kafin ka miƙe daga wannan waccan ta tare ka. Da safe shi da kansa ya liƙe mini madubai da fitilu da salatif kamar yadda dokar wurin ta ce, ya rage iskar tayoyina. Aka sa mu rukunin sababbi, aka manna mana koren sitika. Ya yi dariya ya ce, "Shekara talatin a kan babur, yau an mai da ni ɗan aji ɗaya."

Mai koyar da mu Anti Hester ce, wata gajeruwar dattijuwa mai furfura. Ta bi ni zagaye biyu, ta tsayar da ni ta ce, "Ɗana, ciyawa kake kallo, kuma ciyawar za ka tafi. Juya kanka ka kalli inda kake so ka fita, ka saki kafaɗun nan." Na gwada. Mma, babur ɗin da nake kokawa da shi shekara da shekaru sai ga shi yana kwanciya da kansa. Na yi dariya ni kaɗai a cikin hular kwano. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

A karo na uku da rukuninmu ya shiga filin na iske Bra Motlatsi a wata kwana mai naɗewa kamar ƙugiya, yana taka birki da wuri yadda ya saba a titi. Na bi shi zagaye guda, sannan na wuce shi ta waje, yadda aka yarda. Da rana Anti Hester ta ɓare koren sitikana ta manna mini mai ruwan ɗorawa, na 'yan tsakiya. Shi yana nan a kore. Muna cin gasasshen nama da tuwon masara, daɗi ya ɗebe ni na ce wa mutane matar nan ta koya mini a awa uku abin da ban koya ba cikin shekara goma sha ɗaya. Bra Motlatsi ya ce, "To, madalla," ya tashi duba sarƙar babur ɗinsa.

Da za mu tafi har na tayar da inji, ya ɗaga mini hannu. Ashe na manta salatif a kan fitilar birki. Ya ɓare shi, ya durƙusa da famfonsa ya mayar da iskar tayoyina, sannan ya miƙe ya ce: "Shiga gaba, ai kai ne gwani." Ranar ce karon farko da na ja hanya zuwa gida, shi yana bayana, kuma ban ji daɗinta ba.

Lahadi uku ke nan yana cewa gwiwa ke damunsa. Gaisuwa ma sai ta kan katanga. Na san wuce shin da na yi ne ya ɓata masa rai. Ni kuwa godiya ce fal a cikina, na rasa inda zan sauke ta. Shawarar da na yanke ita ce wata mai zuwa in kai mu filin, in roƙi a mayar da ni kore, in yini a bayansa. Matata ta ce wauta ce. Ke me kika gani?

Mai Sitika Ruwan Ɗorawa, Tembisa

Ɗan'uwana, matarka ta fi ka gaskiya. Mutumin da ya yi shekara talatin a kan babur zai gane kana ja masa baya da gangan tun kafin kwana ta biyu, kuma tausayin zai fi wucewar yi masa ciwo. Ga haɗari, don idonka zai koma kan tayarsa maimakon inda za ka fita, abin da aka hana ka ke nan.

Wucewar ta sosa masa rai, babu shakka. Wanda ya doshi sittin ba ya son a nuna masa hakan a gaban jama'a, kuma shi ma fushin ɓoye ta kan katanga bai dace da babba ba. Amma malami yana iya haɗiye ganin bayan ɗalibinsa, sau da yawa ma har ya yi alfahari. Koma ka karanta wasiƙarka, wurin cin nama. Shekara goma sha ɗayan nan da ka zubar a kan tebur, na wane ne? Ka ba ni labarin kalmar kamar ba komai ba ce, alhali ita ce ta tashe shi daga kan abinci. Yabon gwani ya zama dole, Anti Hester ta cancanci nata. Sai dai ita ka yabe ta a gaban mutane, shi kuwa ka yabe shi a wurina, ni da ban taɓa ganinsa ba.

Kada ka karaya. Wanda ya durƙusa da ciwon gwiwa ya busa maka taya bayan ya ji wannan magana bai yar da kai ba. Birkin da yake takawa da wuri har ka wuce shi, shi ne birkin da ya kai ku gida lafiya duk Lahadin nan.

Ka je gidansa ranar Asabar, ka shiga ta ƙofa, ban da waya. Kada ka ba shi haƙurin wucewa, ba laifi ka yi ba. Ka ba shi haƙurin kalmar. In baki ya yi maka nauyi, karanta masa abin da ka rubuto mini game da gwangwanayen filin coci. Tunda a gaban mutane ka yi ɓarin, ka maimaita godiyar a gaban abokan hawanku. Sitikanka ka riƙe abinka, da guminka ka same shi. A fili kowa ya shiga rukuninsa, a titi kuwa ka ce masa ya ja hanya.

Allah ya tsare ku, ya sa ranar Lahadi ka sake ganin fitilar birkinsa a gabanka.

Mma Dikeledi