Sufanonin Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Faifan da ka aiko ya iso. Na saurara har ƙarshe ina jiran a fara kiɗan. Wai wannan ne kiɗan jaz ɗin da ka bar gida saboda shi? Ni dai ƙarar ƙarafa na ji, da wani mai busa kamar an taka masa ƙafa.

Mantuwar Inna sai gaba take yi. Jiya "baiwar Allah" ta kira ni, ta tambaye ni wa nake nema. Kuma sufanonin gyaran keken Baba, Allah ya jiƙansa, babu su a ƙarƙashin gado. Ka gan su?

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Kiɗanmu ba a tsara shi, kowa saurarar ɗan'uwansa yake ya ba shi amsa. Sufanonin suna wurina, na rataye su a igiya, su nake kaɗawa a waƙa ta uku. An gayyace mu wasa ƙasashen waje na wata biyu, abin da na daɗe ina nema. Da mun dawo zan zo. Ki gaida Inna, ko ba ta gane ba.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, kaina ya ɗaure. Na sake sa faifan ina shara. Ana zuwa waƙa ta uku Inna ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta kira ni da sunana! Ta ce, "Buɗe ƙofa, babanku ya dawo, ba ki ji ƙarar sufanoni a jakarsa ba?" Na buɗe. Ta tsaya tana jira har ƙafafunta suka gaji, ni kuma na shige ɗaki na yi kuka.

Yanzu kullum da yamma haka muke. In na sa, ta san ni, amma mamaci take jira. In ban sa ba, ni baƙuwa ce. Magani ka aiko ko cuta? Likita ya ce kada mu sa rai za ta kai wata biyu. Allah ya yi maka albarka.

Yayarka

Yaya,

Wasiƙarki ta iso. Na zaci ni na ƙirƙiro kaɗawar nan, ashe takun Baba ne. Na ce wa abokan kiɗana su nemi wani makaɗin, na fasa tafiyar.

Ranar Asabar da yamma zan iso, kada ki sa faifan. Sufanonin suna jakata. In ta ce a buɗe ƙofa, ki buɗe. Ban san wa za ta gani ba.

Ƙaninki,
Auta