An rubuta wai Inna ta manta sunan ɗanta

Anti Maryama, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Talata, domin kwana biyar ke nan abin nan yana cina a rai.

Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a nan Makka, wajen Ka'akiyya. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba, mu ne masu wanka da ciyarwa da sauya shimfiɗa. A nan aka haife ni, kakannina ne suka zo hajji suka zauna, kuma duk ma'aikatan gidan ni kaɗai ke jin Hausa. Cikin waɗanda nake kula da su akwai wata da zan kira Inna Zubaidatu. Ta haura tamanin, tun tana amarya aka zo da ita daga ƙasar Sakkwato. Tana jin Larabci, amma da jiki ya yi rauni sai bakinta ya koma Hausa. Abu ɗaya take jira duk mako, wato ranar Alhamis, da motar gidan ke kai tsofaffi Harami a tura su a keke su yi ɗawafi. Tun Laraba take sa ni goge mata farin mayafinta.

Duk wata shida ana sake duba kowane tsoho. Likita da shugabar nas-nas da mai motsa musu jiki da jami'ar walwala sukan zauna su tsara yadda za a kula da shi. Wannan karon sabon likita ne, Dakta Rakan, aka kira ni in yi tafinta. Ya tambaye ta watan da muke ciki, ta faɗa daidai. Ya tambayi sunan marigayi mijinta, ta sunkuyar da kai. Ya tambayi sunan babban ɗanta, Awwalu, direban bas a tashar Kudai da ba ya fashin zuwa duk Juma'a, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Sau uku yana maimaitawa, da ƙyar ta ce mai motar nan ne. Ina kallo ya rubuta cewa ta manta sunan mijinta da na ɗanta.

Anti, ke kin san wannan ba mantuwa ba ce, kunya ce. Kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan babana ba, saboda shi ne ɗan fari. Na san haka sarai a lokacin, amma na ja bakina na yi shiru, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Wata biyu da suka wuce na taɓa sa baki a irin wannan zama kan abincin wani tsoho, shugabarmu Haifa ta kira ni ofis ta ce aikina in fassara abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi. To, na fassara ba ƙari ba ragi. Yanzu an sa Inna cikin masu tsananin mantuwa, za a mayar da ita sama, sashen da ake kulle ƙofa, kuma 'yan wannan sashe ba a kai su Harami. Ranar Talata za su sa hannu.

Na je wajen Haifa, ta ce likita ya riga ya rubuta. Na tare Hanan, jami'ar walwala, a baranda, ta ce in kawo a rubuce, ta yi gaba da wayarta a kunne. Kullum sai a ce mana aikin nan na haɗin gwiwa ne, har takarda aka manna a bango, amma ni da nake wanke tsohuwar nan kowace safiya, na san tana gane takun ɗanta tun daga bakin ƙofa, ba ni da kujera a zaman sai in ana neman tafinta.

Gaskiya ɗaya kuma da ban faɗa wa kowa ba, Inna tana ɗan mantuwa. Sau biyu tana tambayata ko ta sha maganin da ta riga ta sha, sau ɗaya kuma na same ta a babbar ƙofa wai tana neman motar Kudai. Ban rubuta ba, don tsoron irin wannan hukunci. Wata zuciyar tana ce mini in kira Awwalu ya zo ya tayar musu da hankali, wata tana cewa in ajiye aikin kowa ya huta. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san abin da ake ciki ba. Yaya zan yi?

Wadda ta rasa ta cewa, Ka'akiyya

Ƙanwata, na ji takaicinki, kuma kina da hujja. Amma ki ɗan sassauta wa likitan. A gidan da ya tashi, da sunan ɗan fari ake kiran uwa, a ce Ummu wane, kuma abin alfaharinta ne. Ta ina zai san akwai uwar da ba ta furta wannan suna? Haifa ma tana da nata dalilin, domin tafinta mai ƙara gishiri yana iya ɓata gwaji. Inda ta kuskure shi ne, yi wa likita bayanin al'ada ba ƙarin gishiri ba ne.

Sai naki laifin. Shirun da kika yi a zaman na fahimce shi. Ɓoye maganar babbar ƙofa ce ba zan goyi bayanki a kai ba. Da tsohuwar nan ta fita titi fa?

Hanan ta ce ki kawo a rubuce, to ki ɗauke ta a kan maganarta. Shafi ɗaya ya isa. Ki bayyana kunyar sunan miji da ɗan fari, ki sa abin da kike gani na kaifin hankalin Inna, ki kuma sa maganar magani da ta ƙofa da ranakunsu. Idan suka ga ba ki ɓoye mai ɗacin ba, za su fi yarda da sauran. Ki ba Haifa da Hanan a rana ɗaya, kada Haifa ta ga kamar kin tsallake ta.

Ki roƙi a ɗage sa hannu a sake gwajin da wasu tambayoyi, kamar sunayen ƙannen Awwalu da jikoki, ko ke ki ambaci sunan a tambaye ta ko wane ne. Kada kowa ya matsa mata ta furta da bakinta. Awwalu kuma Hanan ce za ta gayyace shi a matsayin iyali, kada ki kira shi a ɓoye ya zo da faɗa. Mai yiwuwa sabon gwaji ya nuna tana bukatar ƙarin sa ido. In haka ne, ki nemi a ba ta mai rakiya zuwa Harami a maimakon a hana ta.

Maganar ajiye aiki ki bar ta. Abin da ke cikin fayil ɗin nan shirunki ne aka rubuta da sunan mantuwarta, kuma duk gidan ba mai iya gyara shi sai ke. Ki rubuta yau, kada ki jira Litinin. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa Alhamis mai zuwa da Inna za a tafi.

Anti Maryama